Buhun Yuriya a Fadamar Haɗeja: Ina Ya Kamata Ɗalibin Jami'a Ya Koyi Ilimin Ƙarfin Ƙasa?

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ra'ayin cewa gonar jami'a ta isa a koyar da ilimin ƙarfin ƙasa a aikace. A kwarin Haɗeja ruwa ne ke yanke wa taki hukunci, don haka aikin ɗalibi ya kamata ya bi kakar noma, a gonar manomi.

Gabatarwa

Masu rubutu kan koyo ta hanyar aiki sukan fara da maƙalar William Kilpatrick ta 1918. Ba laifi. Sai dai tun 1908 Rufus Stimson yake tura ɗaliban noma a Massachusetts ta Amurka su yi aikinsu a gonakin gidajensu, kuma wannan tarihin ne masu kare gonar jami'a ke tsallakewa. Hujjarsu ita ce a can komai yana hannun malami, har da ruwa. To, manomin Auyo da ke kwarin Haɗeja ruwansa ba ya hannunsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa ya dogara da sakin da aka yi daga sama, kachala ta toshe magudanai, ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma ta cinye gonakin shinkafa.

Hanyar bincike

An bi sawun sinadarin naitirojin a ƙasa iri biyu, jigawa da lakar fadama, bisa sanannun ƙa'idojin kimiyyar ƙasa, aka auna su da tsarin zangon karatu.

Sakamako

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. A jigawa, ruwan sama ne ke tafiya da shi ƙasa, ya wuce saiwar gero. A fadama ɓarnar ta sama take bi. Idan aka watsa yuriya a kan ruwan da ke kwance, musamman inda ƙasa ke da kanwa, da rana tsaka gansakuka kan ƙara wa ruwan kaifi, sai takin ya zama iskar amoniya ya tashi. Idan kuma fangali ya bushe ya sake cika, wani kason ya sake salwanta. Manomi ya biya kuɗin buhu, shinkafa ta ci ragowa.

Ɗalibi zai iya haddace wannan ya ci jarrabawa. Amma sai ya riƙe fangali tun daga dashe har yanka zai gane dalilin da ya sa shawarar "a rage ruwa kafin a sa taki" ke da wuyar cikawa ga wanda bai san ranar da ruwa zai dawo ba. A nan ne zai gwada raba taki kashi-kashi da binne dunƙulalliyar yuriya a tsakanin shuka huɗu, ya kuma lissafa kuɗin ƙwadago, wanda littafi kan manta. Zangon karatu ba ya jiran shinkafa ta nuna, shi ya sa ya kamata a ɗora aikin a kan kakar rani, a ba shi maki cikakke. Nisa ba uzuri ba ne: Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, Kwalejin Binyaminu Usman tana cikin Haɗeja.

Iyakar binciken

Za a ce ba a auna amfanin gona ba, kuma an tsaya a kan shinkafa da naitirojin, an bar alkama da riɗi. Haka ne. Batun kuɗin mota da masaukin ɗalibai kuwa na hukumar jami'a ne.