Ƙawa, sara da littafin haya: ɗan tarihi

1/ Jiya ina gyaran ɗakin Inna a Mafara na tsinci littafin lissafin yayata na 2004. Shafukan baya duk hira ce da ƙawarta 'yar Bakura, rabi zaurance, rabi sara. Na yi dariya har da hawaye. Ku matso mu bi tarihin abin.

2/ Turawa suna da littattafan barkwanci da ake rubutawa kamar kundin sirrin matashi. Sue Townsend ta fitar da Adrian Mole a Ingila a 1982. Na Louise Rennison na 1999 kuwa, sara ta yi masa yawa har sai da aka sa ƙamus a ƙarshe saboda 'yan Amurka.

3/ Mu ba ta nan muka biyo ba. Gasar 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Akwai dariya, amma bakin manyan maza ne.

4/ Muryar 'yammata sai a shekarun 1980, da adabin kasuwar Kano: Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino a 1991. Sunansu na soyayya, amma wa ke kai wasiƙa? Wa ke rufa asiri, wa ke zuga? Ƙawa ce.

5/ Wajenmu ta haya suka iso, suka zauna makarantun kwana. Littafi guda zai zaga ɗaki har bangonsa ya cire. Haka Kananci ya shiga bakin 'yar Maradun, alhali "mi kika ce" ɗinta bai shiga littafi ba.

6/ A 2007 aka ƙona littattafan da aka ƙwace daga ɗalibai mata a Kano. Bai hana komai ba, daga baya rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad.

7/ Namu ya fi haka zafi. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai 279 a Jangebe, aka rufe makarantun kwana. A Satumba aka maimaita a Kaya ta Maradun, aka katse layin waya. Ƙanwata ta dawo gida, ƙawayenta suka watse, sararsu ta bi su.

8/ Sara ba ta daɗewa, in ba a rubuta ba ta tafi. In kina da tsohon littafin makaranta, don Allah kar ki bari a naɗe ƙosai da shi. Na yayata dai na sa shi a leda.