Sabara da Wuta: Tarihin Dajin da ke Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Maraɗi bayan gobara ya ga yadda sabara take komawa: baƙaƙen sanduna tsaye cikin toka. Amma tun kafin ruwan farko ya sauka, sai ka ga toho ya ɓullo daga gindinta. Dalili kuwa, wutar ciyawa tana wucewa da sauri, zafinta ba ya nitsewa cikin ƙasa. Kututture da saiwa, inda take ajiye abincin da ta tara da damina, suna nan da ransu, daga nan sabbin rassa suke fitowa. Haka kalgo da geza suke yi.

A zamanin mulkin mallaka, ma'aikatan gandun daji na Faransa sun ɗauki wutar manoma da makiyaya a matsayin babbar abokiyar gabar daji. A 1936 André Aubréville ya ware filaye uku a Kokondekro, kusa da Buwake ta Kwaddibuwa: ɗaya ba a sa masa wuta, ɗaya ana ƙona shi da farkon rani, ɗaya kuma da ƙarshensa. Da shekaru suka tura, na farko ya zama kurmi, na biyu ya riƙe itatuwa da dama, na uku ya rage ciyawa da tsirarun itatuwa. Ashe lokacin wuta shi ne magana. Ta ƙarshen rani tana tarar da ciyawa ta bushe ƙamas, ta cinye tohon da itacen ya kashe ajiyarsa a kai. In ta maimaitu kowace shekara, saiwar ta gaji.

A Nijar an fahimci darajar wannan saiwa bayan farin shekarun 1970. Dashen itatuwa ya ci tura. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tohon da ake sarewa a ƙone lokacin sharar gona rassan kututture ne mai rai. Manoma suka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi, su sassabe sauran. Wannan ne sassaben zamani, wanda ya farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5.

Sabara tana jure gobara ɗaya. Abin da ke kashe ta shi ne gatari da wuta su yi ta bin tohonta shekara da shekaru.