Gadon Shugabanci da Ɗorewar Makaranta: Tarihin Tuskegee

Makarantar ilimi mai zurfi wadda ba ta gwamnati ba takan fara ne da himmar mutum guda. Shi ke neman kuɗi, shi ke ɗaukar malamai, kuma don darajarsa masu hannu da shuni ke ba da gudummawa. Saboda haka ranar rasuwarsa ita ce ranar da ake gane ko makarantar tana da gindin zama, ko kuwa inuwarsa kaɗai take sha. Tarihin makarantar Tuskegee, a jihar Alabama ta Amurka, ya bayyana wannan al'amari sarai.

Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta, shi ya buɗe makarantar a 1881 da ɗalibai 30, don ilmantar da baƙaƙen fata. Abin da jihar ta ware mata dala 2,000 ne a shekara, na albashin malamai kurum. Sauran bukatu kuwa sai da ya yi ta yawon neman taimako a arewacin ƙasar. A 1903 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala 600,000 aka zuba a asusun ajiya, wanda ribarsa ake ci, ba a taɓa uwar kuɗin. Haka kuma Washington ya jawo manyan mutane cikin majalisar amintattu, irin su tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt da attajiri Julius Rosenwald.

Da ya rasu a watan Nuwamba na 1915, mutane da dama sun zaci sakatarensa Emmett Scott ne zai gaje shi. Amma amintattu suka zaɓi Robert Moton daga makarantar Hampton, inda shi kansa Washington ya yi karatu. Wato sun nemo wanda ya san manufar makarantar, kuma masu ba da kuɗi sun riga sun amince da shi. Moton ya bunƙasa asusun, ya kuma shigo da karatun digiri a 1927. A 1935 ya sauka da ransa, ragama ta koma hannun Frederick Patterson, likitan dabbobi da ke koyarwa a makarantar tun 1928. Patterson ne ya jagoranci kafa asusun haɗin gwiwa na kwalejojin baƙaƙen fata a 1944, don kada kowace ta dogara ga roƙon shugabanta shi kaɗai. Luther Foster, wanda ya gaje shi a 1953, ya daɗe yana riƙe da harkar kuɗin makarantar kafin nan, ya kuma shugabance ta har 1981. Shugabanni huɗu ke nan cikin shekara 100.

Akasin haka ya faru ga kwalejin Black Mountain da ke jihar Karolina ta Arewa, wadda John Andrew Rice ya kafa a 1933. Malamai ne suka mallake ta, babu amintattu daga waje, babu kuma asusu mai ƙarfi. Rice ya bar ta a 1940, shahararren malamin zane Josef Albers ya bi bayansa a 1949, saɓani da talauci suka ci gaba da cin ta har aka rufe ta a 1957, duk da ficen da ta yi.

Abin da ya raba makarantun nan biyu ba ingancin malamai ba ne, domin kowace ta tara gwanaye. Tuskegee ta rayu ne saboda dukiyarta da ikon naɗa shugabanta suna hannun hukuma wadda ba ta mutuwa da mutuwar kowa, kuma magadanta sun goge a aikin tun kafin a miƙa musu shi.