Janar Mai Dogara Sanda: Theodore Roosevelt Ƙarami

1/ Jama'a, yau tarihin wani mutum zan kawo muku. Aikin soja ba sana'arsa ba ce, amma yaƙin duniya na ɗaya da na biyu duk da shi aka yi, kuma a sahun gaba. Sunansa Theodore Roosevelt Ƙarami, ɗan shugaban Amurka na 26. Ku biyo ni.

2/ An haife shi a 1887. Da ya gama jami'ar Harvard sai ya shiga kasuwanci, daga masana'antar kafet zuwa harkar banki. A 1915 ya je sansanin Plattsburg, inda ake koya wa farar hula aikin hafsa. Irinsu in yaƙi ya tashi su sa kaki, in ya ƙare kowa ya koma sana'arsa.

3/ Amurka na shiga yaƙi a 1917 ya tafi Faransa da muƙamin manjo, yana jan bataliya a Runduna ta 1. Har takalma ya saya wa yaransa da kuɗin aljihunsa. A 1918 ya shaƙi iskar guba a Cantigny, aka harbe shi a ƙafa a Soissons. A watan Yulin nan ne aka harbo jirgin ƙanensa Quentin, ya mutu.

4/ Yaƙi ya ƙare, ya tuɓe kaki. Ya yi mataimakin sakataren sojan ruwa, ya nemi gwamnan New York a 1924 ya sha ƙasa, ya yi gwamnan Puerto Rico, sannan na Filifin.

5/ A 1941, yana da shekara 53, ya sake sa kaki. Ya zama birgediya janar, mataimakin kwamandan tsohuwar rundunarsa. Da shi aka sauka a Oran ta Aljeriya a Nuwamban 1942, aka yi Tunisiya, aka haye Sisili.

6/ To a nan fa aka samu matsala. Sojojinsa na sonsa ƙwarai, don kullum yana cikinsu a bakin daga, bai damu da ƙa'idojin bariki ba. Janar Omar Bradley kuwa gani yake rundunar ta sangarce. A Agustan 1943 aka cire shi tare da kwamandansa, Terry Allen.

7/ Sai aka tura shi Runduna ta 4 a Ingila, ana shirin kutsawa Faransa. Ya roƙi a bar shi ya sauka da rukunin farko, Janar Barton ya hana. Ya rubuta takarda, sannan aka amince. Shekararsa 56 fa, ga ciwon gaɓoɓi, ga ciwon zuciya, da sanda yake tafiya.

8/ Ran 6 ga Yuni 1944 igiyar ruwa ta karkatar da jiragensu, suka sauka sama da kilomita ɗaya kudu da inda aka tsara a gaɓar Utah. Ya taka da ƙafa ya duba wurin, ya yanke shawarar a fara yaƙin daga nan, sauran ayarin ma su biyo ta nan. Ya tsaya yana nuna wa sojoji hanya, ana ruwan wuta.

9/ Ni dai a ganina, halin da ya sa aka cire shi a Sisili shi ne ya yi rana a Utah. Da a jirgi yake zaune yana jiran rahoto, wa zai yanke wannan shawara nan take?

10/ Ran 12 ga Yuli 1944 ciwon zuciya ya kashe shi a Normandy, daidai lokacin da ake shirin ba shi runduna tasa ta kansa. Bayan mutuwarsa aka ba shi Medal of Honor, lambar jarunta mafi girma a Amurka. A 1955 aka ɗauko gawar Quentin aka binne kusa da shi, a maƙabartar sojojin Amurka da ke Colleville.