Zungeru: Tsohuwar Hedikwatar Arewa da Matsayin Hausa a Cikinta

Matafiyin da ya taso daga Minna ya nufi Tegina ko Kwantagora yakan yada zango a Zungeru, wani ƙaramin gari a bakin kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi ta Jihar Neja. Idan ya dubi rumfunan bakin hanya da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da wuya ya yi zaton cewa daga nan ne aka mulki ilahirin Arewacin Nijeriya daga 1902 zuwa 1916.

Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, wanda Hausawa ke kira Dungurum, ya kafa gidan gwamna da barikin soja da ofisoshi. Yana zaune a nan Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Da aka mayar da hedikwata Kaduna, sai garin ya zama tamkar kufai. Hatta gadar ƙarfen da Lugga ya sa aka kafa, ciccibe ta aka yi a 1954 aka kai Kaduna.

Sai dai abin da ya fi dacewa masu nazarin harshe su lura da shi shi ne irin jama'ar da hedikwatar ta tara. Zungeru ba ƙasar Hausa ba ce. Yanki ne na Gwarawa da maƙwabtansu Nufawa. Amma sojoji da 'yan dako da akawuna da suka zo daga sassa dabam-dabam ba su da wani harshen da ya haɗa su sai Hausa, har 'ya'yan baƙin suka tashi da ita a baki. Babban misali shi ne Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a garin a 1904, mahaifinsa yana aikin akawu. Hausa ya fara ƙwarewa da ita, har sai da aka tura shi Onica wajen dangi domin ya koyi harshen iyayensa. Wannan ya isa hujja cewa yaɗuwar Hausa a wajen ƙasarta ba fatauci kaɗai ne ya haddasa ta ba. Bariki da ofis sun taka muhimmiyar rawa.

A wannan garin dai aka haifi Odumegwu Ojukwu, jagoran Biyafara, a 1933, shekaru da dama bayan tashin gwamnati.