Ina Mai Wankin Babur Zai Zuba Ruwansa?

A Madawa da Buza da Keita akwai wata sana'a da ba ta da rumfa, ba ta da sarki, hukuma kuma ba ta cika tunawa da ita ba sai ranar cin tara. Ita ce sana'ar samarin nan masu yawo da jarkoki a baro ko a amalanke, da bokiti da soso da ƙullin omo, suna wanke babura da motoci duk inda mai abin hawa ya tsaya. Yau suna bakin tasha, gobe suna kasuwar Tunfafi, jibi suna ƙofar gidan biki. Kusa da su akwai 'yan wanki da guga masu bin gidaje, da masu kwashe gologo da masai da shebur da bokiti. Abu ɗaya ya haɗa su: tsabta suke sayarwa, amma abin da aikinsu ke bari a ƙasa ruwan datti ne, doka kuwa ta hana a zuba shi a kan hanya.

Maganar ta shafe mu, malamai da iyaye, domin da yawa daga cikin yaran nan ta ajinmu suka bi. Wasu sun bar makaranta, wasu kuwa suna nan, da kuɗin wankin Asabar da Lahadi suke sayen littafin rubutu. Mu ne kuma muke tsayawa gaban allo muna koya musu cewa ruwa mai kwanciya shi ne gidan sauro. To idan darasin gaskiya ne, dokar ma gaskiya ce, ina yaron zai zuba ruwan? Na bi tarihin dokokin tsabta ina neman amsar wannan tambaya, abin da na tarar shi ne yau fiye da shekara ɗari ana naɗa wanda zai ci tara, amma ba a cika nuna wurin zubawa ba.

Kafin zuwan Nasara ba haka abin yake ba. Garuruwan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin sana'o'i masu ruwan wari, kuma maganin da suka yi musu shi ne wuri. Majema tana gefen gari, marina tana da filinta, mahauta ma haka. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau tana nan inda aka ajiye ta. Abin da ya fi burge ni ma shi ne yadda marina suke yi da ƙazantar aikinsu. Laka mai taruwa a gindin karofi, wadda ake kira katsi, ba a watsar da ita. Kwashe ta ake yi a busar, a ƙona, a haɗa laso da ita, a shafe bango ko a gyara wani karofin. Ba na cewa garuruwan kakanninmu ba su da wari, suna da shi. Sai dai mai sana'a ya san inda zai tsaya, ƙazantarsa ta san inda za ta je, kuma yana da shugaban da za a kai ƙararsa gare shi.

Mulkin mallaka ya zo da wani salo. A 1905, zamanin gwamna janar Ernest Roume, Faransa ta kafa ma'aikatun kiwon lafiya da na tsabta a yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma. Abin da ya fi tsorata Turawan shi ne shawara da zazzaɓin cizon sauro, don haka aikin ma'aikacin tsabta a manyan garuruwa shi ne ya shiga gida ya leƙa randa da tulu, in ya ga 'ya'yan sauro a ci mai gida tara. A ƙarƙashin dokar da ta ba kumandan ikon hukunta talaka ba tare da shari'a ba, wadda sai a 1946 aka soke ta, ba a buƙatar alƙali kafin a ɗaure mutum kan ƙazantar ƙofar gidansa. A Dakar, da annoba ta ɓarke a 1914, sai aka kwashe baƙar fata daga tsakiyar birni aka kai su sabuwar unguwar Madina. A wancan gefen iyaka kuma Ingilishi suka kafa duba-gari, waɗanda duk Ba'adaren da ya yi ci-rani a Sakkwato ko Kano ya ji labarinsu. Daga wannan zamani ne kalmar tsabta ta fara zuwa wa talaka da ƙirjin dogari.

Abin mamaki, su Turawan a gidajensu sun riga sun koyi cewa hani kaɗai ba ya magani. A Landan, wajen 1848, hukuma ta matsa a rufe ramukan masai na gidaje a juya ƙazantar cikin magudanan ruwa. Magudanan kuwa a kogin Tems suke ƙarewa, inda mutane da yawa ke samun ruwan sha, sai kwalara ta ƙara samun hanya. Sai bayan da warin kogin ya addabi majalisar dokokinsu a 1858 aka saki kuɗi injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan bututan da suka fitar da ƙazantar daga tsakiyar birnin. A Paris ma dokar 1894 da ta tilasta wa gidaje haɗa masansu da bututan birni ta zo ne bayan an yi shekaru ana haƙa bututan. (Gwamnan birnin na lokacin, Eugène Poubelle, shi ne wanda sunansa ya zama sunan kwandon shara a Faransanci, har ɗalibanmu suna furta shi kullum ba su san sunan mutum ba ne.) Can an gina wurin zubawa tare da doka. Nan kuwa dokar aka kawo, bututan suka tsaya a can. Har yau ko Yamai ba ta da bututan ruwan ƙazanta da suka game gidajenta, balle Buza.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 an ci gaba da abin da aka gada. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ta riƙe sharar gari. Mu da muka taso a ƙarshen lokacin muna iya tuna ganga da tsintsiya da ƙura. A Najeriya gwamnatin Buhari da Idiagbon ta 1984 ta kawo nata yaƙin da rashin ɗa'a, wanda ya bar al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Waɗannan duka shara suka kora. Ruwa kuwa ba a share shi da tsintsiya.

Rubutacciyar dokar da ta fi shafar maganarmu ita ce dokar tsabtar jama'a mai lamba 93-13 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar ana tsakiyar zaɓen shugaban ƙasa. Ta hana zuba ruwan datti a kan hanyoyi da wuraren jama'a, ta kuma tanadi jami'an da za su sa ido su hukunta. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta biyo baya a Disamba 1998, sannan dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilu 2010, kuma da su ne aka tabbatar da ƙa'idar nan cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. A tsakanin nan, a 2004, aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, tsabtar gari ta zama ɗaya daga cikin ayyukan magajin gari. An miƙa aikin, amma kuɗin gina magudana bai biyo shi yadda ya kamata ba. Hukumar da ba ta da abin gini, amma tana da littafin rasit, kowa ya san wanne za ta fi amfani da shi.

Sai dai a 1993 sana'ar da muke magana a kai ba ta kai haka ba. Babur a lokacin na ma'aikaci ne da babban ɗan kasuwa. A shekarun 2000 ne babura masu araha na Sin da Indiya, irin su Kasea da Boxer, suka cika ƙasar, kabu-kabu ta zama abincin dubban samari, kowane ƙauye daga Tamaske zuwa Bangi ya samu masu jigila. Hanyoyinmu na jar ƙasa ne, babur ba ya kwana biyu bai nemi wanki ba. Ga manyan motocin albasa da ke lodi a kan babbar hanyar da ta ratsa Madawa tsakanin Ƙonni da Maradi. Saurayin da ya dawo daga ci-rani a Abijan, inda ya ga masu wankin tufafi a rafin Banko, ko daga Legas, inda ya ga injin fesa ruwa, ya san jarin wannan aiki bai wuce jarka da soso ba. Dokar da aka rubuta da tunanin matar gida mai watsa ruwan wanke-wanke a ƙofa sai ta wayi gari tana fuskantar sana'a.

Ba na cikin masu cewa a ƙyale su kawai, talakawa ne. Wanda ya san ƙasar Adar ya san dalili. Tudunmu dutse ne da marmara, ba sa shan ruwa. Abin da aka zuba a sama, ruwan sama na farko zai kwaso shi ya gangaro da shi korama, korama ta kai shi fadama. A kwarin Tarka da na Majiya kuwa ruwa yana kusa, rijiyoyin lambu gajeru ne, da su ake ban ruwan albasa, a cikinsu kuma mai lambu da 'ya'yansa ke sha idan rana ta take. Majiya ma ba a nan ta tsaya ba, har tafkin Kalmalo na Najeriya take kaiwa. Matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, sun sha wahala ne domin ruwan sama ya tsaya ya nutse cikin ƙasarmu. Ruwan da aka koya wa nutsewa, da abin da ke cikinsa yake nutsewa. Kumfar omo da sauƙi. Baƙin mai da ke fita daga injin babur shi ne matsalar, domin ba ya narkewa, kuma kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa.

Amma a nan ma doka ta haɗa abubuwan da ya kamata a raba. Ruwan wankin babur ba ya kawo kwalara. Cutar da ta ɓarke a Madarumfa a 2018 ta kuma shigo jihar Tawa, da wadda ta dawo a 2021, ta hanyar bayan gida take bi zuwa ruwan sha. Ke nan mai kwashe masai, wanda ke aiki da dare ya haƙa rami a bayan katanga ya juye, ya fi mai wankin babur haɗari nesa ba kusa ba. Shi kuwa ba a ganinsa, don haka ba a cika cin sa tara ba, ba a kuma nuna masa filin juyewa ba. Wanda ake gani da rana tsaka a bakin kwalta shi ke biya.

Kuma me tara take yi wa mai sana'ar yawo? Mai gareji da ya zuba siminti ya ja famfo ba zai gudu ba, zai biya ko ya gyara. Yaron da duk jarinsa ke cikin baro kuwa turawa zai yi ya ƙara gaba. Na sha ganin haka: an kore su daga bakin hanya, bayan kwana uku sai ka same su a bakin tafki ko a gindin gada cikin korama, inda ruwa kyauta ne, ba sai sun saya wurin 'yan garuwa ba, kuma babu mai rasit. An kawar da ƙazantar daga inda ido ke ganinta, an kai ta daidai inda shanu ke sha, yara ke wanka. Ribar wankin babur ɗaya ba ta wuce 'yan daloli ba bayan an cire kuɗin ruwa da omo, saboda haka tara guda tana iya cinye aikin kwanaki, kuma ba ta sayi ko buhun siminti ɗaya na gyara ba.

A Amurka, inda dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta sa birane suka hana ruwan wankin masu sana'a shiga magudanar ruwan sama, masu wankin mota na yawo suna shimfiɗa tabarmar roba mai baki, su zuƙe ruwan cikin tanki, su kai shi inda bututu zai wuce da shi matatar birni. Su ma ƙananan cikinsu suna kuka da tsadar kayan. Amma aƙalla idan jami'i ya ce kada ka zuba nan, yana iya nuna can.

Namu "can" ɗin ba ya buƙatar matata. Daɓen siminti ne mai ɗan gangare, wanda zai ɗauki babura uku ko huɗu. Ruwan ya faɗa ƙaramin rami na farko inda yashi da laka za su kwanta, ya wuce na biyu inda mai zai taso sama a kwashe shi, domin bututun fita daga ƙasa yake ɗiba, sannan ya shiga rami na uku mai tsakuwa da yashi da gawayi ya nutse a hankali. A nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kamar yadda ake shawarta wa masu haƙa masai, kada kuma gindinsa ya kusanci ruwan ƙasa. Duk maginin da ya taɓa yin gologo mai kyau zai iya wannan. Fili ne abin da yaran ba su da shi, fili kuwa yana hannun hukumar gari da hakimi. Idan aka ware musu gefe a tasha da kasuwa, suka zaɓi shugabansu kamar yadda mahauta da direbobi suke da nasu, aka karɓi ɗan kuɗin wuri a kullum maimakon tara, to ranar da aka kama wani yana wanki a korama babu wanda zai ce an zalunce shi.

Mu ma a makaranta akwai abin da ke hannunmu. Kusan kowace makarantar da ta samu famfo ko wurin wanke hannu tana da ɗan kududdufi a gindinsa, inda awaki ke sha. Idan kwamitin iyaye ya kawo buhun siminti biyu, ɗaliban aji shida suka tara tsakuwa, za a iya gina ƙaramin ramin nan mai ɗaki uku a cikin mako guda, a yi darasin awo da na kimiyya a bakinsa. Man da aka kwashe daga irin wannan rami a tasha kuwa a tara shi a durom tare da baƙin man kanikawa, domin yana da masu saye: kafintoci da magina suna shafa shi a katako da azara saboda gara.