Allurar Mayar Da Tsoho Yaro: Tarihin Wani Alkawari

Daga Ƙofar Dundaye zuwa babbar kasuwar Sakkwato, da wuya kunnenka ya tsira daga lasifikar mai tallan maganin ƙarfin maza. Yanzu tallan ya hau Facebook, ya sanya rigar kimiyya, har ana yi wa magidanta tayin allurar sinadarin girma. Wannan alkawari yana da tarihi.

Sinadarin yana fitowa ne daga fituwitari, wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzaminsa: wani saƙo ya ce a saki, wani ya ce a tsaya. A jikin namiji, ya fi fita da dare, cikin barci mai nauyi. Idan shekaru suka ja, saƙon saki yakan raunana, barci ya koma sama-sama, kitsen tumbi kuma ya ƙara danne shi. An ƙiyasta yana raguwa da kimanin kashi 14 cikin ɗari duk shekara goma.

Da farko ba don tsofaffi aka nemo shi ba. A 1958 likita Maurice Raben na Amurka ya yi wa wani matashi da ya kasa girma magani da sinadarin da aka tatso daga gawawwaki. An daina hakan a 1985, bayan wata cutar ƙwaƙwalwa ta kashe wasu da aka yi wa allurar. A shekarar ne kamfanin Genentech ya fito da na ɗakin gwaji, sinadarin ya wadata.

A 1990 Daniel Rudman ya ba da rahoton maza 12 da suka haura shekara 60, waɗanda aka yi wa allurar tsawon wata shida. Naman jikinsu ya ƙaru da kashi 8.8, kitse ya ragu da kashi 14.4. Nan take 'yan kasuwa suka yi caraf da labarin. Sai dai binciken 1996 ya nuna naman na ƙaruwa, ƙarfi bai ƙaru ba. A 2007 masanan Jami'ar Stanford suka tattara gwaje-gwajen baya, suka tarar da kumburi, ciwon gaɓoɓi da alamun hauhawar sukari.

Allurar tana da masu ita, wato waɗanda likita ya tabbatar fituwitarinsu ya samu matsala. Ga magidancin da shekaru kawai suka kama, musamman mai ciwon sukarin da bai san da shi ba, kasada ce mai tsada. Isasshen barci, motsa jiki da rage tumbi suna taimaka wa jiki ya fitar da nasa, ba tare da an biya ko kwabo ba.